Da Wane Mudu Ake Auna Murya?

Ɗan ƙanwata ya zo mana ƙaramar Sallah a Batsari da kwamfuta a cikin jaka. Shekara uku ke nan yana koyon aiki a wani situdiyo a Katsina, inda ake haɗa waƙoƙin biki da na siyasa da na yabon Manzo, kowa da abin da ya kawo shi. Bayan La'asar muna zaune a zaure, ya buɗe ta yana gyaran wani aiki da ya taho da shi, ni kuma ina gefe ina duba takardun jarrabawar yaran Islamiyya. Idona ya kai kan allon. A sama akwai 'yan gajerun layuka kwance bi da bi, a ƙasansu kuma waɗansu sanduna ne tsaye, wannan dogo wancan gajere, kamar kututturan dawa bayan an sare kara. Yana kama kan sanda da yatsa, ya ja ta sama, ya saurara, ya dawo da ita ƙasa.

Na ce, "Kai, waɗannan fa?"

Ya ce, "Ƙarfi ne, Kawu. Kowane bugu da nasa. In na ja sama ya fito da ƙarfi, in na yi ƙasa da shi ya yi laushi."

"Har ina yake kaiwa?"

"127. Daga nan babu gaba."

Ban zauna rubuta wannan don in yi hukunci a kan kiɗa ba. Malamai sun yi maganarsu tuntuni, kowa kuma ya san wanda yake bi. Lambar ce ta tsaya mini a rai. Shekara ashirin da ɗoriya ina koya wa yara inda ake bayyana karatu da inda ake ɓoye shi a sallah, ban taɓa tunanin wani zai zauna ya yanka ƙarfin sauti gida-gida, ya ba kowane gida lamba ba.

Na matsa masa da tambaya, abin da bai sani ba ya bugo wa ubangidansa waya ya ji, saura muka bincika tare. A shekarar 1983 ne masu ƙera kayan kiɗan lantarki na Amurka da Japan, ƙarƙashin jagorancin Dave Smith da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland, suka fito da wata yarjejeniya mai suna MIDI, don fiyano na wannan kamfani ya iya magana da na'urar wancan. Duk maɓallin da makaɗi ya danna, ana aika saƙo da lambobi: wane maɓalli ne, kuma da wane ƙarfi aka taɓa shi. Gurbin da aka ware wa ƙarfin gida bakwai ne na lissafin kwamfuta, kowane gida ko eh ko a'a. In ka ninka biyu da kanta sau bakwai za ka sami 128, shi ya sa ake ƙirgawa daga 0 zuwa 127. Abin da na'urar take aunawa ma saurin saukar maɓallin ne ƙarƙashin yatsa. Hannun mai bugu take kallo, ba ta san ko akwai kunne a ɗakin ba. Manhajar da yaron nan yake aiki da ita, FL Studio, duk bugun da ka ajiye sai ta ba shi 100 in ba ka taɓa shi ba. Ya ce mini da haka ake gane aikin ɗan koyo, sandunansa duk kai ɗaya, kamar an jera kwalabe.

Kafin kwamfuta, Turawa sun daɗe suna rubuta kiɗansu a takarda, kuma Italiyawa ne suka ba su kalmomin ƙarfi da laushi. Piano a harshensu a hankali ke nan, forte kuma da ƙarfi. Ana taƙaita su da harafin p da f a ƙarƙashin layi. In ana son a ƙara lallaɓawa a rubuta pp, in ana son a ƙara ƙaimi a rubuta ff, akwai kuma mp da mf a tsakani. Wani mai tsara kiɗan coci a birnin Venice, Giovanni Gabrieli, yana cikin na farko da suka sa irin wannan umarni a aikinsu, a shekarar 1597. Shi kansa fiyano daga nan ya samo suna, domin wajen shekarar 1700 Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a Florence a matsayin abin kiɗan da ke iya yin laushi da ƙarfi gwargwadon taɓin hannu. Wani Barashe, Tchaikovsky, ya kai har p shida a jere a wani aikinsa na 1893. Mutum ya rubuta p shida, ai ka san roƙo yake yi, ya rasa yadda zai gaya wa mai busa cewa numfashi kawai yake so.

To da aka zo zuba waɗannan haruffa cikin manhaja, sai aka ga babu makawa sai an ba kowane lamba. A nan kawuna suka rabu. Manhajar MuseScore ta daɗe tana ba p 49, tana ba f 96. Tsarin MusicXML, wanda manhajoji ke musayar rubutaccen kiɗa da shi, ya ɗauki f a matsayin 90. Babu wanda za a ce ya yi kuskure a cikinsu, domin wanda ya fara rubuta f bai nufi lamba ba. Ƙarfin mai sarewa a bayan shanu bai kai laushin mai kakaki a ƙofar fada ba. Wanda ya taɓa zama gaban makaɗan kalangu, irin waɗanda suka yi wa marigayi Mamman Shata kiɗa, ya san yadda suke janye hannu idan mawaƙi zai ajiye magana, su sake shi idan 'yan amshi sun karɓa. Babu takarda a gabansu. Fuskar ubangidansu suke kallo da ta jama'ar da ke zaune.

A daren nan na ɗauko Alƙur'anin mahaifina, rubutun hannu, ruwayar Warshu, wanda ya zo da shi daga gabas tun yana gardi. Na yi ta juya warƙoƙinsa ƙarƙashin fitilar sola. Baƙi da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, alifin sadarwa da ɗigon kore. Ga shadda, ga madda, ga ɗauri. Ga alamar ƙarshen aya, ga kumsa, ga kuri, ga zayyanar sumuni da rubu'i da izu a gefe, ga wuraren sujada. Tun daga Abul Aswad Addu'ali da Khalilu ɗan Ahmad, magabata ba su bar wani motsin harshe ba sai da suka yi masa alama. Sun auna tsawon ja, sun nuna inda ake tsayawa a ja numfashi, sun rarrabe harafi mai kauri da siriri. Amma daga Fatiha har Nasi babu alama ko ɗaya da ke cewa nan ka ɗaga murya, nan ka sassauta. Mutanen da suka ƙirga haruffan Littafin ɗaya bayan ɗaya ba mantuwa ta sa suka bar wannan ba. Na ɗauka sun gane cewa abin ba a jikin takarda yake ba.

Inda suka ajiye shi a littattafan fiƙihu ne, kuma dubi mudun da suka auna da shi. Duk yaron da ya sauke Ahalari ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san ana bayyana karatu a Asuba da Juma'a da raka'o'i biyun farko na Magariba da Isha, ana ɓoye shi a Azahar da La'asar. Ya san wanda ya manta ya ɓoye a wurin bayyanawa ya yi ragi, sai ƙabli, wanda ya bayyana a wurin ɓoyewa ya yi ƙari, sai ba'adi. Wato ƙarfin murya abu ne da sallah ke raguwa ko ta ƙaru da shi har a nemi gyara. To mene ne iyakar kowanne? Malaman Malikiyya suka ce mafi ƙarancin ɓoyewa shi ne ka motsa harshenka, mafi yawansa ka jiyar da kanka. Mafi ƙarancin bayyanawa kuwa ka jiyar da kanka da wanda ke kusa da kai. Ba su auna da taku ba, ba su auna da kamu ko zira'i ba, alhali sun iya awon tafiyar ƙasaru da nisabin hatsi. Da mutum suka auna. Sai ka san wa ke gefenka kafin ka san ko ka cika sunnar.

Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin wani dare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita ya wuce Sayyidina Abubakar yana nafila murya ƙasa-ƙasa, ya kuma wuce Sayyidina Umar yana tasa murya a sake. Da aka haɗu ya tambayi kowa dalilinsa. Abubakar ya nuna cewa Wanda yake ganawa da Shi ya ji, wannan ya ishe shi. Umar ya nuna cewa yana tashin mai gyangyaɗi ne, yana korar Shaiɗan. Duka dalilan biyu masu kyau ne, kuma ba a ƙaryata ko ɗaya ba. Sai aka umarci Abubakar ya ɗan ɗaga, aka umarci Umar ya ɗan sassauta. Na sha karantar da wannan hadisi, amma sai da na ga sandunan yaron nan na lura da kalmar da ke ɗauke da shi, wato "kaɗan". Nawa ne kaɗan? Da na'ura aka ba aikin, da ta raba 127 biyu ta ajiye su duka a wajen 64, ta ce an yi adalci. Annabi bai mai da Abubakar Umar ba, bai mai da Umar Abubakar ba. Kowa ya tashi daga inda halinsa ya ajiye shi ya ɗan matso, kuma na tabbata bayan gyaran ma muryar Umar ta fi ta Abubakar fita.

Aya ta 110 a Suratul Isra'i ita ce asalin wannan babi, inda aka yi umarni da bin hanya tsakanin ɗagawa da ɓoyewa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ta sauka ne lokacin da Annabi yake ɓoye a Makka. In ya ɗaga murya mushirikai su ji su yi zagi, in ya yi ƙasa sosai sahabbansa ba za su ji su koya ba. Kunne biyu ke nan a waje ɗaya, na maƙiyi da na masoyi, kuma an ce ya nemo muryar da za ta isa ga ɗaya ba ta kai ga ɗayan ba. Mu mutanen Batsari da Safana ba sai an yi mana dogon sharhi a kan wannan ba.

A watan Fabrairun 2020 aka shiga Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari cikin dare, aka kashe mutum talatin. Daminar waccan shekarar na je duba wata ƙanwar mahaifiyata a wani ƙauye na ƙasar Safana, can wajen Runka, inda in ka tsaya a bayan gari kana hango bakin dajin Rugu. Dare ya raba muka ji ƙugin babura daga yamma. Ba wanda ya yi shela. Kafaɗa aka riƙa taɓawa, gida-gida, muka sulale cikin gonar dawa, lokacin ta fi tsayin mutum. Abu na farko da kowa ya yi shi ne kashe waya. Muka kwanta a kwarin kunya, ƙasa jiƙe, sauro na cin mu ba mai iya kai masa mari. Wata mai goyo a kusa da ni ta cusa wa jaririnta nono, ta rufe shi da zane, tana jijjiga shi ba tare da ta ce uffan ba. Wani dattijo tari ya taso masa, ya tura bakin rigarsa cikin baki ya danne shi har jikinsa na rawa.

Ni kuwa ina ta karanta abin da ya zo bakina. Da farko ina jin kaina. Da ƙugin ya matso sai na ji ko wannan ya yi yawa, na bar harshe kawai yana motsi a cikin baki, babu iska, babu amo. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Allah Ya sa ba garin suka nufa ba, suka wuce ta gefe, muka fito da assalatu. Wani gari ne ya kwana da kuka.

Na ba ɗan ƙanwata wannan labari, sannan na tambaye shi, a na'urarsa lamba nawa ce wannan karatun nawa. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, sifili ce. Kuma a MIDI in an aiko bugu da ƙarfi sifili, na'ura tana ɗaukarsa a matsayin an saki maɓalli. Kamar ba a buga komai ba." Wannan amsa ta fi duk abin da na ji a ranar nauyi. Abin da na'ura ta lissafa a matsayin babu, shi ne malamanmu suka ce ya isa karatu, an sauke farali da shi. Tun ina yaro nake haddace cewa motsa harshe shi ne mafi ƙarancin ɓoyewa, ina ɗaukarsa ƙa'idar da ake amsa jarrabawa da ita. A kwarin kunya na gane rahama ce. An bar wa wanda tsoro ya toshe wa baki ƙofar da zai shiga, haka majinyacin da numfashi ya yi wa wuya, haka wanda ke gargara. Annabi Zakariyya, kamar yadda farkon Suratu Maryam ya ba da labari, a ɓoye ya yi kiransa, yana tsoho, kuma aka amsa masa da Yahaya.

Akwai wani abin da ya dame ni bayan haka. Raɗar mai tsoro da raɗar mai ƙanƙan da kai a sallar dare, in ka kawo na'urar awon ƙara, wadda ke ƙirga desibel, za ta nuna maka abu guda, wajen 30 ko ƙasa da haka. Ɓarawon da ke raɗa wa abokinsa a bayan danga ma nan zai faɗo. Murya uku, awo ɗaya, amma ɗaya ibada ce, ɗaya wahala, ɗaya laifi. Abin da ya raba su shi ne wa ake so ya ji, wa ake gudun ya ji, da kuma dalili. Wannan kuwa niyya ce, kuma ban ga gurbin da aka ware mata a cikin gidaje bakwai ɗin nan ba. Ba na zargin waɗanda suka ƙera na'urar, aikin da suka sa gaba sun yi shi da kyau. Tsorona shi ne mu da muke zaune da ita kullum mu fara auna kanmu da mudunta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa shiru ya fi magana ko yaushe. Mun ɗanɗani shirun dole, mun san ɗacinsa. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Watannin nan mun koma zamanin kakanni. Mutuwa, cigiyar yaro, kiran taron gaggawa, gargaɗin kada a bi hanya kaza, duk ta bakin lasifikar masallaci suke fita, ko ta bakin mutumin da Allah Ya hore wa maƙogwaro. A lokacin na ga darajar murya mai kai wa nesa. Bilal aka zaɓa ya yi kiran sallah, ko da yake Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ga lafazin a mafarki, saboda muryar Bilal ta fi tasa isa. Abu Sa'idul Khudri ya hori wani makiyayi da ya ɗaga murya da kiran sallah ko yana cikin tumakinsa a daji, domin duk abin da ya ji zai yi masa shaida. Ranar Hunaini da runduna ta watse, Abbas mai babbar murya aka sa ya yi kira, mutane suka juyo. Kuwwa tana da ranarta, kuma wanda ya yi raɗa ranar da ake bukatar kuwwa ya ci amanar jama'a.

Kafin yaron ya koma Katsina na roƙe shi ya ɗaukar mini karatun wata ɗalibata da ke shirin sauka, don iyayenta su ajiye. Yarinyar tana da wata baiwa da ba ni na koya mata ba. In ta zo ayar rahama muryarta takan buɗe, in ta zo ayar azaba takan yi ƙasa har sai ka karkato da kunne. Ya ɗauka, ya yi kwana biyu yana gyara, ya kawo mini. Na saurara. Tsaf, babu kukan kaji, babu ƙugin janareto. Amma wurin nan da takan yi ƙasa ya ɓace. Daga farko har ƙarshe murya ɗaya, cike da kunne.

Na ce, "Me ka yi mata?"

Ya ce, "Matsewa na yi, Kawu. Kwamfuresa ke nan. Tana danne wuraren da suka yi sama, sannan a ɗaga gaba ɗaya, sai ƙarami da babba su zo kusa da juna. In ban yi haka ba, a wayar mahaifinta ba za a ji wuraren da ta yi ƙasa ba. Lasifikar waya ƙarama ce. Kuma in aka kai wajen masu turi a kasuwa aka sa shi bayan na wani, za a ce namu bai fita ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ma wanda ke kusa yake dubawa, sai dai nasa na kusan mai waya ne a tsakiyar kasuwa, ga injin markaɗe ga babura. Amma hanyar nan in kowa ya bi ta, ƙarshenta kowa na ihu ba mai jin wani. Turawa sun riga mu faɗawa ramin. Shekaru suka yi kamfanonin waƙa da masu talla suna rige-rigen wanda faifansa zai fi ƙara, har mutum na kallon talabijin lafiya lau sai talla ta shigo ta firgita shi. Daga baya injiniyoyinsu suka fito da wani sabon awo, LUFS, wanda ke ƙoƙarin bin yadda kunnen ɗan Adam ke ji a tsawon shiri gaba ɗaya. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta tsayar da 23 ƙasa da ƙololuwa a matsayin mizani, Spotify kuma tana daidaita waƙoƙi a wajen 14. Wanda ya matse aikinsa don ya fi kowa, sai a rage masa ya dawo daidai da saura, ya tashi da asarar laushin da ya zubar. Bayan dogon zagaye sun dawo suna tambayar abin da Risala ta riga su tambaya, wato me mai sauraro ke ji. Na roƙi yaron ya yi mini kwafi biyu, ɗaya na waya, ɗaya yadda ta karanta. Na biyun nake saurara da dare.

Duk wannan shimfiɗa ce ga maganar da ta fi ci mini rai. Azumin da mahaifiyata ta yi jinyar ajali, ɗakinta yana kallon wani masallaci, tsakaninsu bai fi taku arba'in ba. Goman ƙarshe ana fara tahajjud wajen ƙarfe ɗaya na dare, ƙahonni huɗu a kan soro, ɗaya ya saito tagarta. Daga wani ɓangaren ga wani masallacin da nasa limamin a wata sura dabam, ga na uku can nesa. Karatu uku suna hawa kan juna, ba ka iya bin ko ɗaya. Tsohuwar nan ba ta samun barci sai wajen sha biyu, in ciwon ya lafa. Da an kabbara sai ta farka a firgice, domin shekarun nan sun koya wa jikinmu cewa ƙara cikin dare ba alheri ba ce. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In na ce zan je in yi magana sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗan nan, Alƙur'ani ne fa." Kunyar Littafin ta hana ta neman haƙƙinta, kuma na san irinta suna da yawa a bayan katangu: masu jego, masu hawan jini, yaran da suka taɓa kwana a gona, manomin da zai fita da sassafe.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. Ana cewa lasifika tana tashin gafalalle, tana raya gari, tana kai karatu ga matan da ke cikin gida. Ita kanta mahaifiyata rabin abin da ta sani na tafsiri daga lasifika ta ji shi, tana tankaɗe a tsakar gida bayan La'asar, mai jan baƙi na ja malam na fassarawa. Ba zan ce a cire wannan ba. Dalilin Umar ke nan, kuma an karɓe shi. Amma an ce masa ya sassauta kaɗan, alhali da maƙogwaronsa kawai yake yi, ba shi da amfilifaya. Abu Dawuda ya kawo cewa Annabi yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hane su cutar da juna, ya tuna musu kowa da Ubangijinsa yake ganawa. Masu ibada ne aka hana su damun masu ibada a cikin masallaci. Ina ga majinyacin da ke kan gadonsa a cikin gidansa? A wata tafiya kuma, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musa, sahabbai suna ɗaga murya da kabbara, aka ce su sauƙaƙa wa kansu, domin Wanda suke kira Mai ji ne, Yana kusa.

Lasifika ta canza ma'anar "wanda ke kusa da kai". Da, shi ne mutumin da kafaɗarsa ke gogar taka a sahu. Yanzu duk wanda ƙahon ya isa gare shi ya zama na kusa da kai, ko ya so ko bai so ba, kuma haƙƙinsa ya hau wuyanka. Wanda ya ninka isar muryarsa sau ɗari ya ninka waɗanda za a tambaye shi a kansu. A watan Mayun 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, ta kuma ce kada ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Ban kawo wannan don in ce mu kwafe shi ba. Kashi ɗaya cikin uku ma lamba ce, kuma na amfilifayar wani ya fi cikakken na wani. Masallacin da ke bakin tasha da wanda ke tsakiyar gidaje ba za su zauna a awo ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba kada ya wuce awa 40 a mako yana jin ƙarar desibel 80, wannan kuma iyakar lafiyar kunne ce kawai. Barcin mara lafiya yana karyewa tun kafin a kai can.

Ra'ayina shi ne kiran sallah a sake shi ya kai inda zai kai, haka sanarwar da ta shafi rai da lafiyar gari. Tafsirin rana a bar wa mata rabonsu. Sallar dare kuwa ta waɗanda suka zo ce, a jiyar da sahu na ƙarshe da lasifikar ciki, a kashe ta kan soro.

Ina roƙon limamanmu da ladanai da 'yan kwamitin masallatai, daga Batsari zuwa Ruma da Wagini, daga Safana zuwa Runka da Zakka, kafin azumi mai zuwa ya kama, ku zaɓi dare ɗaya. Liman ya tsaya a makirfo ya yi karatu yadda ya saba. Mutum biyu daga cikinku su fita su tsaya a ƙofar gidan da ya fi kusa, su yi sallama, su tambayi maigidan ko akwai mara lafiya ko mai jego a ciki, su kuma tambaye shi yadda ake kwana. Abin da ya gaya muku, da shi za ku murɗa maɓallin.